Dara, Taswira da Alƙali

In la'asar ta yi sanyi a Karaye, akwai wata inuwar darbejiya da nakan ratsa a hanyata ta komawa gida daga makaranta. Dattawa biyu ne ke zama a gindinta. Sun tona gurabe talatin a ƙasa, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Ɗaya na riƙe da tsakuwa goma sha biyu, ɗayan da guntayen kara goma sha biyu. Su kan ɗauki lokaci mai tsawo wajen zubawa kawai, domin mai dara ya san cewa tun daga zubi ake cin wasa ko a faɗi. In an gama zubi sai a fara turi, gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokinsa guda. 'Yan kallo na tsugune kewaye, bakinsu na ƙaiƙayi, amma ba mai tsoma baki sai an tashi.

Na daɗe ina ganin wannan a matsayin makaranta. Tana koyar da haƙuri, da hangen abin da zai biyo bayan taku uku, da sadaukar da ɗa guda don a ci biyu. Sai dai akwai abin da dara ba ta koyarwa. A dara kowa na ganin fili duka. 'Ya'yanka goma sha biyu, nawa goma sha biyu. Babu kogi, babu tudu, babu ɗan aike da ya makara a hanya, babu wanda ya kawo labarin ƙarya. Shugaban da ya taɓa yanke hukunci a lokacin tashin hankali, ko sarki ne ko mai unguwa, bai taɓa samun irin wannan sauƙin ba.

Wannan giɓin ne wasu Jamusawa suka cike shekaru fiye da 200 da suka wuce, kuma labarinsu nake so in kawo gida.

A shekarar 1812, a ƙasar Purushiya, wani mutum mai suna Reisswitz ya kai wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku wani teburi da ake shirya tuddai da koguna a kansa, a jera rundunoni a yi wasan yaƙi. Fada ta yi sha'awarsa, amma abin bai wuce nishaɗin 'ya'yan sarki ba. Ɗan Reisswitz, wanda hafsa ne a rundunar igwa, shi ya mai da shi kayan aiki a 1824. Ya ajiye teburin, ya ɗauko taswirar ƙasa ta ainihi, wadda santimita ɗaya a kanta ke daidai da mita 80 a ƙasa. Rundunoni suka zama 'yan gutsattsarin ƙarfe, ja da shuɗi. Kowane zagaye na wasa yana madadin minti biyu na fagen fama, don haka dakaru ba za su yi tafiyar da ta wuce ta minti biyu ba, haka ma mahaya. Sunan wasan Kriegsspiel, wato wasan yaƙi.

Babbar dabarar ita ce alƙali. Ɓangarori biyu ba sa ganin juna. Kowa ya rubuta umarninsa a takarda ya miƙa wa alƙali, shi kaɗai ya san inda kowa yake. Ba zai nuna maka rundunar abokin gaba ba sai in mutanenka sun isa inda idonsu zai hango ta. In ka aika saƙo ga wani kwamanda da ke bayan tudu, alƙali zai lissafa tsawon lokacin da doki zai ɗauka kafin ya isa, ba kuma zai motsa rundunar ba sai saƙon ya iso, ko da kana kallo ana cinye ta. Shugaban hafsoshin ƙasar, Janar Müffling, da aka gwada wasan a gabansa, ya ce wannan ai horon yaƙi ne, ya sa a yaɗa shi cikin rundunar duka. Da Purushiya ta doke Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai rundunonin wasu ƙasashe suka shiga kwaikwayo.

Daga barikin soja abin ya fita zuwa gidajen mutane. Marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya fitar da littafin dokokin wasa da sojojin dalma a 1913. A Amurka, Charles Roberts ya buga wasan Tactics a 1954, ya kafa kamfanin Avalon Hill, wanda ya fito da wasan yaƙin Gettysburg a 1958. Tun daga nan aka sami dubban mutane, malamai da akawu da likitoci, waɗanda in sun tashi daga aiki abin da suke yi ke nan: su ɗauki wani yaƙi na tarihi su mai da shi taswira da dokoki.

Abin da ya fi burge ni game da waɗannan mutane shi ne irin karatun da aikin ke tilasta musu. Mai ba da labarin yaƙi yana iya cewa "runduna ta tashi ta isa gari kaza" ya wuce. Mai tsara wasa ba shi da wannan damar. Dole ya san kwana nawa ta yi a hanya, me dawaki suka ci, a ina aka sha ruwa, damina ce ko rani, kogin nan ana ratsa shi da ƙafa ko sai da kwalekwale. In bai sani ba, wasansa ba zai tafi ba. Dokar wasa tambaya ce da aka matsa wa tarihi sai ya amsa.

Ba Turai kaɗai ake yi ba. A Abuja akwai NIBCARD Games, da Kenechukwu Ogbuagu ya kafa, suna tsara wasannin teburi a kan rayuwar Nijeriya, suna kuma shirya taron masu wannan sana'a na Afirka. A 2021 suka karɓi lambar yabo ta Diana Jones, wadda ake ji da ita a duniyar wasannin. Kayan aikinsu kwali ne da takarda da tawada.

To mu me muke da shi a Karaye da Rogo? Tarihi dai ba mu rasa ba. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Karaye tun zamanin da Kano da Katsina ke gwabzawa, ya haɗa sunan garin da Wambai Giwa na zamanin Sarki Muhammadu Nazaki. Nan yammacin Kano ne masu jihadi suka yi hijira suka taru kafin a kai ga yaƙin Ɗanyaya da faɗuwar Sarki Alwali a 1807. Akwai basasar Tukurawa da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895. Akwai zuwan Nasara. Rogo kuma tana zaune a mahaɗar ƙasar Kano da Katsina da Zazzau, inda fatake da mahara duk suka ratsa. Amma yaranmu, bayan shekarun da aka cire darasin tarihi daga ƙananan makarantu aka dawo da shi, abin da suke samu jerin sunaye ne da shekaru. Su haddace don jarrabawa, su zubar a ƙofar aji.

A zangon karatun da ya wuce na gwada abin da ɗalibaina 'yan babbar sakandare. Na zana taswira a bayan kwalin sabulu da aka buɗe: Zariya a ƙasa, Kano a sama, Bebeji a tsakani, Karaye da Rogo ta yamma, kogin Challawa ya ratsa. Na zaɓi watan Janairu zuwa Fabrairun 1903. Abin da ya faru sananne ne: Kanar Morland ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairu da sojoji ɗari bakwai da 'yan kai, da igwa da bindiga mai ruwa, ya fasa Bebeji ranar 1 ga Fabrairu, ya shiga Kano ranar 3 ga wata, alhali Sarki Alu ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. Ban gaya wa yaran wannan ba. Na raba su uku. Wasu a aji ɗaya su ne waɗanda aka bar wa tsaron birni. Wasu a wani ajin su ne ayarin Sarki a hanyar Sakkwato. Na uku su ne Nasara. Ni da taswira muna baranda. Ba mai magana da wani sai ta takarda, kuma kowace takarda sai ta kwana a hannuna gwargwadon nisan tafiyarta.

Cikin rabin sa'a ajin masu tsaron birni ya kaure. Wasu na cewa a fita a tare su a hanya, wasu na cewa a rufe ƙofofi a dogara da ganuwa, wasu na cewa a aika wa Sarki a jira. Suka aika. Takardar tana aljihuna tana "tafiya" lokacin da na sanar musu cewa Bebeji ta faɗi. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta fito baranda idonta ya yi ja, ta ce, "Malam, don Allah saƙonmu ya isa?" Na ce bai isa ba, saura kwanaki. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe su ma haka suka zauna ba su san komai ba."

Shekara nawa ina koyar da 1903, ban taɓa samun wanda ya faɗi wannan jimlar ba. Yara sun saba tambayar me ya sa kakanninmu suka bari aka ci su, da sautin raini a ciki. Ran nan ba wanda ya yi wannan tambayar. Washegari da na ba su labarin Ƙofar Kabuga, wadda dukanmu muke bi in za mu shiga birni daga wannan yanki, da labarin Wazirin Kano Ahmadu da ya faɗi a Kwatarkwashi, ba a ji motsin kowa ba.

Akwai abubuwa biyu da na san za a tayar, kuma duka suna da hujja.

Na farko caca. Yawancin wasannin Turawa suna amfani da ƙwayar lido don yanke abin da ba a iya sani, kuma malamanmu da yawa suna ƙyamar wasa da ita saboda hadisin da ya yi hani a kai. Ba sai mun shiga wannan ba, domin su kansu Jamusawan sun riga sun buɗe wata hanyar. A 1876 wani hafsa mai suna Verdy du Vernois ya ga jadawalin lissafi da jefa ƙwaya sun sa wasan ya yi nauyi, sai ya ba da shawarar a ajiye su, a bar gogaggen alƙali ya yanke da saninsa. Haka na yi da ɗalibaina. Ba ƙwaya, ba kuɗi, ba wanda ya ci wani abu sai fahimta.

Amma wannan hanyar tana ɗora kaya duka a wuyan alƙali, kuma a nan ne labarin Japan ya zama gargaɗi. A watan Mayun 1942, kafin yaƙin Midway, hafsoshin ruwan Japan sun gwada shirinsu a wasa. Kamar yadda ɗaya daga cikin hafsoshinsu, Fuchida, ya ba da labari bayan yaƙi, alƙalin wasan ya yanke cewa bama-bamai tara sun sami manyan jiragensu masu ɗaukar jiragen sama. Admiral Ugaki, wanda ke shugabantar zaman, ya rage su zuwa uku, daga baya ma aka tayar da jirgin da aka ce ya nutse aka ci gaba da shi. A watan Yuni Amurka ta nutsar musu da irin waɗannan jiragen guda huɗu. Wasan ya faɗa musu gaskiya, babba ya toshe masa baki. Mu da muka san yadda yake da wuya ƙaramin ma'aikaci ya ce wa mai gida "ba haka ba ne", ya kamata wannan ya tsaya mana a rai. Ni kaina na ji jan hakan a baranda. Zuciyata na son Kano ta tsira, kuma alƙalami na hannuna.

Na biyu shi ne cewa wasu yaƙe-yaƙen ba su huce ba. Jikokin waɗanda suka yi jihadi da na waɗanda aka yi da su suna zaune benci ɗaya, haka jikokin Tukurawa da Yusufawa. Ban ga hikimar fara wa yara da waɗannan ba, kuma duk malamin da zai taɓa su ya fara zama da dattawan gari. Ba ma dole sai yaƙi ba. Tsarin nan na ɓangarori da ba sa ganin juna da alƙali a tsakani zai yi aiki a kan ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja. Zai yi aiki a kan abin da ke gabanmu yau: a zauna da taswirar gunduma kafin kaka, manoma ɗaki guda, makiyaya ɗaki guda, a ga ta ina shanu za su bi in burtali ya toshe, ko a ga wa zai sanar da ƙauyukan da ke ƙasan madatsar Challawa in ruwa ya ƙaru cikin dare, kuma saƙon zai ɗauki awa nawa.

Wata ranar Asabar na ɗauki kwalina na je gindin darbejiyar nan. Na jira suka tashi wasa, na gaishe su, na shimfiɗa shi a gefen gurabensu. Mai tsakuwa ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa a kan layin da na ja daga Karaye zuwa Kano, ya tambaye ni kwana nawa na ba mai doki. Na faɗa masa. Ya girgiza kai.

"Da rani ke nan, Malam. Kuma dokin da ba ya ɗauke da lifidi. In da lifidi ne, ko damina ta sauka rafuka sun kawo, ƙara masa."

Na ce, "Baba, nawa zan ƙara?"

Ya juya ga abokinsa, suka fara gardama a kan mashayar da kakanninsu ke yada zango, wannan ya ambaci wata, wancan ya ce ai ta ƙafe tun kafin a haife su. Na zaro biro na juya bayan kwalin ina rubutawa, har aka kira magariba.