Damo Sarkin Haƙuri, Ko Dai Mu Ne Ba Mu Iya Kallo Ba?

Maƙalar wannan mako daga Unguwar Rogo ta fito, kuma a kan ƙadangare take. Wanda ya ga abin ya yi masa ƙanƙanta, ya daure ya kai ƙarshe kafin ya yanke hukunci.

A farkon daminar bana wani yaro a layinmu, ɗan shekara goma sha uku, ya ga bidiyo a TikTok. Wata Baturiya ce da ƙadangare a kafaɗa, tana ba shi ganye a baki yana karɓa kamar ɗan akuya. Yaron ya nace sai ya samu irinsa. Bai samu ba, amma wani ɗan uwansu da ke noma a bayan gari ya kamo masa ɗan damo, bai kai tsawon kamu biyu ba. Aka sa shi a kwalin taliya, aka huda murfin, aka ajiye a ɗaki. Ana jefa masa tuwo, wani lokaci ɓawon kankana.

Mako uku bai ci komai ba. Yaron ya zo majalisarmu da kwalin a hannu ya ce, "Kawu, wanga abu ya ƙi cin abinci, mi zan ba shi?" Mu da muke kiran kanmu marubuta, mu biyar a kan tabarma, amsa ɗaya muka ba shi muna dariya: "Ai damo ne, sarkin haƙuri. Ƙyale shi."

Wannan amsar ce ta hana mu sukuni daga baya, domin ba daga sani ta fito ba. Kirari ne muka haddace tun muna yara, ya zo bakinmu a lokacin da ya kamata mu buɗe kwali mu duba.

Bari mu fara da ƙadangaren bidiyon. Turawa suna ce masa dodo mai gemu, masana kuma Pogona vitticeps. Asalinsa busassun yankunan tsakiyar Ostareliya ne. Gemun ba gashi ba ne, fatar maƙogwaro ce mai ƙayoyi da yake kumburawa ta yi baƙi idan ya fusata ko ya tsorata. Abin da ya ba mu mamaki shi ne danginsu ɗaya da jan gwadan da ke kan katangar gidanmu, har gyaɗa kan ma iri ɗaya suke yi. Ostareliya ta daɗe da hana fitar da namun dajinta, saboda haka waɗanda ake gani a gidajen Amurka da Turai a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe su, kaka da kakanni. Shi ya sa suke zama a kafaɗa. Sun saba da hannun mutum tun daga ƙwai.

Abin da bidiyon bai nuna ba shi ne wahalar. Wannan ƙadangare yana kaiwa shekara 10 zuwa 15. Jikinsa ba ya samar da ɗumi da kansa, don haka akwatinsa sai an yi masa gefe biyu: gefen shan zafi mai maki 38 zuwa 42, da gefen sanyi wajen maki 25, ya riƙa kai da komo yadda jikinsa yake so. Yana buƙatar wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda da shi fatarsa ke haɗa sinadarin bitamin D, shi kuma ya ba ƙashi damar shan kalsiyam. Gilashin taga yana tare wannan hasken. Masu kiwo suna sayen fitila ta musamman, su canza ta bayan wata shida zuwa shekara ko da tana ci, domin ƙarfinta yana raguwa. Idan aka rasa wannan, muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, dabbar ta riƙa jan ciki. Ba za ta yi kuka ba ko sau ɗaya.

Wani zai ce ai mu a Sakkwato rana ba ta yi mana ƙaranci ba. Gaskiya ne, amma nan ma akwai tarko. A watan Afrilu zafin garin nan yana wuce maki 40 a inuwa. Ka sa dabba a akwatin gilashi ka ajiye a tsakar gida, ka dafa ta ke nan, domin ba ta da inda za ta gudu. A cikin ɗaki kuma sai fitila, fitila sai wuta, wutar kuwa kowa ya san halinta. Ga daren hunturu na Disamba da Janairu. Ga abinci: ɗan ƙarami ƙwari masu rai yake ci kullum, ba farar da aka soya da yaji da gishiri ba, sai ya girma ne ganye da kabewa suke yin yawa a cimarsa. Ga kuma ƙwayar salmonela da ƙadangaru da kunkuru suke ɗauke da ita a kashinsu, wadda ke sa gudawa da zazzaɓi, musamman ga ƙananan yara. A gidan da ake ci da hannu a kwano ɗaya, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

To, shi damon namu fa? Da muka koma muka bincika, sai muka ga kirarin yana da tushe, mu ne muka ɗora shi a watan da ba nasa ba. Damo yana cin abinci sosai da damina: gyare, ƙadandoniya, dodon koɗi, buzuzu, har kunama. Yana tara kitse a ciki da gindin wutsiya. Idan rani ya shigo ƙwari suka ɓace, sai ya shige rami ko kogon itace ya yi watanni yana rayuwa da wannan kitsen. Wannan shi ne haƙurin da kakanninmu suka gani, kuma sun gani daidai, domin su sun zauna da daji. Amma damon da ya ƙi ci a watan Yuni, lokacin da 'yan uwansa ke cika ciki, ba haƙuri yake ba. Tsoro ne, da duhu, da rashin rana, da abincin da ba nasa ba. Damo ba ya cin tuwo. Ana ma kwashe masa damina guda, wadda da ita zai tara guzurin rani.

Ra'ayinmu a nan ba mu ɓoye shi: damon da aka kamo daga daji ba abin ajiyewa a kwali ba ne, kuma ƙadangare mai gemu ba na gidan da ba zai iya ɗaukar nauyinsa shekara goma ba ne. Ba muna maganar maharbi da ya kama damo don miya ba, wannan wani babi ne, kuma malamai sun yi bayaninsa. (A gefe: dabbar da ake kira dabbu a littattafan hadisi, wadda akan fassara mana da damo, mai wutsiya ce mai ƙayoyi kuma ganye ne yawancin cimarta. Akwai irinta a arewacin Nijar. Namu na nan mai cin ƙwari ne, ɗan uwan guza. Mai fassara ya lura.) Muna maganar tsarewa ne ba tare da ciyarwa ba. Duk wanda ya yi makarantar Islamiyya ya san hadisin matar da ta ɗaure kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Ba mu ga dalilin da zai sa hukuncin ya tsaya a kan kyanwa ba.

Kuma abin ya wuce layinmu. Dubban 'ya'yan damo ake fitarwa duk shekara daga Ghana da Togo da Benin zuwa shagunan dabbobi na Amurka da Turai. Da yawa daga ƙwan uwayen da aka kamo a daji suke. Can kuma sai a riƙa ɗura musu ɓeraye duk shekara ba hutun rani, kitse ya kashe su da wuri. Mu mun bar shi da yunwa, su sun kashe shi da ƙoshi, duk saboda rashin sanin yadda shekararsa take tafiya. Cinikin yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya ke ciki, kuma ƙasar nan ta kafa dokarta a 1985 kan safarar namun daji masu fuskantar ƙarewa.

Mun san abin da za a rubuto mana a ƙasa: mutane na fama da tsadar masara, ku kuna kukan ƙadangare. Mun ji, kuma ba mu ce a bar mutum a kama damo ba. Amma ku dubi abin da ya faru a tabarmar nan. Yaro ya kawo tambaya ta gaske, manya biyar masu alƙalami suka rufe ta da karin magana. Haka muke yi a labaranmu. Matar da ta daina magana a gidan miji, sai mu rubuta "mai haƙuri ce kamar damo", mu wuce, ba mu tambayi wane wata ne a rayuwarta ba. Almajirin da ya zauna shiru a bakin ƙofa, "yaro mai ladabi". Littattafanmu cike suke da ƙadangaren bakin tulu da hawainiyar da aka ce ta kiyayi rama, amma marubuta nawa ne a zauren nan suka taɓa zama minti goma suna kallon jan gwada? Wa ya lura cewa jan kan nasa yana dusashewa da dare ko idan ya tsorata, ya dawo idan rana ta gasa shi? Wa ya lura namiji ɗaya ne ke riƙe da katanga, sauran suna raɓe-raɓe? Karin magana gadonmu ne, ba mu ce a zubar ba. Sai dai waɗanda suka ƙirƙire shi sun kalli abin tukuna.

Shi yaron ba mu ga laifinsa ba. Cikin mu duka shi kaɗai ya damu da cewa dabbar ba ta ci. Da za mu sake, da mun raka shi asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya yi tambayarsa a gaban masu ilimin abin. Abin da muka yi shi ne, ranar Asabar muka hau babura biyu da shi da kwalinsa, ɗan uwan nasu ya nuna mana gonar da ya kamo shi. Wannan ya yiwu ne don ɗan ƙasa ne, baƙon ƙadangare daga Ostareliya ba a sakinsa a dajinmu. Da aka karkata kwalin bai fita nan take ba. Ya daɗe yana zaro harshe, fatar gefen cikinsa duk ta yi tattara. Can ya ja jiki ya shige ƙarƙashin wata sabara. Ko ya rayu, Allah ne masani. A hanyar dawowa yaron ya tambaye mu ko ƙadandoniya ba ta yi masa ɗaci, babu wanda ya amsa a cikinmu.

Aikin wannan mako: kowa ya zaɓi dabba ɗaya da ke gidansu ko layinsu, ya kalle ta kwana uku, ya rubuto kalma 200 a ƙarƙashin wannan rubutu. Sharaɗi ɗaya ne, ban da karin magana ko kirari. Za mu rufe karɓa ranar Alhamis bayan Isha'i.