Raddi Ga Masu Cewa Yawan CP Shi Ne Makarin Dodo

Wani ɗan'uwa daga cikin ma'abota wasan Pokémon GO, wanda nake ganin girman iliminsa da daɗewarsa a wasan, ya kafe a kan cewa duk wanda zai shiga farmakin dodo ya ɗebi dabbobi shida mafiya yawan CP cikin taskarsa, ko kuwa ya karɓi jerin da wayar ta zaɓa masa, domin a ganinsa bincike a kan makari wahala ce marar fa'ida. Na ga ya wajaba in warware wannan da'awa, saboda sababbin 'yan wasa suna karɓarta ba tare da neman dalili ba, suna asarar tikitinsu da magungunansu.

Hujjarsa ta farko ita ce CP shi ne ma'aunin ƙarfi. Amsa ita ce, wannan adadi ana fitar da shi ne daga ƙarfin duka da ƙarfin kariya da yawan rai, amma ba ya lissafa irin dukan da dabbar ta iya, ba ya kuma lissafa jinsinta cikin jinsi 18 da wasan ya ginu a kansu, alhali a nan ne asalin mas'alar take. Tun daga Disamba 2018, dukan da ya dace da raunin dodo ana ninka shi sau 1.6, in kuwa raunin ya haɗu ta fuska biyu ya kai 2.56, wanda dodon yake jurewa kuma ya ragu zuwa 0.625. Dubi Rayquaza, wanda ya haɗa jinsin maciji da na masu tashi, dukansu biyu kuwa ƙanƙara ce ajalinsu: Mamoswine mai matsakaicin CP, matuƙar yana da Powder Snow da Avalanche, ya fi Slaking amfani nesa ba kusa ba, ko da yake Slaking ya fi shi adadi, domin ƙaramin dukan Slaking, wato Yawn, kusan ba ya cutar da komai. Haka Tyranitar yake a gaban Machamp mai Counter da Dynamic Punch.

Hujja ta biyu ta fi ta farko kama da gaskiya, shi ya sa ta fi ta haɗari. Ya ce dabbar da ta daɗe a fage ta fi wadda ta faɗi da wuri. Da farmakin ba shi da agogo, da na sallama masa. Amma tun da kamfanin Niantic ya shigo da shi a Yuni 2017 an ƙayyade masa lokaci, daƙiƙa 180 ga ƙananan dodanni, 300 ga masu tauraro biyar, kuma wanda agogo ya ƙare masa dodon na tsaye ya faɗi, ko da dabbobinsa shida suna nan lafiya lau. Blissey tana iya shan duka har ƙarshen lokaci ba ta faɗi ba, ba ta kuma rage wa dodon abin kirki ba. Jerin da wayar ke zaɓa ya daɗe yana karkata ga irin waɗannan masu juriya, Aggron da Lugia da makamantansu, don haka karɓarsa ido rufe taƙlidi ne ba bisa hujja ba.

Sai dai adalci ya sa in faɗi inda maganarsa take da ƙamshin gaskiya. Gengar yana dukan Mewtwo da tsanani, amma kasancewarsa mai jinsin guba ya sa Confusion ɗin Mewtwo, wanda dukan tunani ne, ke kayar da shi nan da nan, kuma idan shida suka ƙare, fita a farfaɗo da su a dawo yana cin daƙiƙoƙi masu tsada. Tyranitar yana jure dukan tunani ƙwarai, sai fa in Mewtwo ɗin yana da Focus Blast. Juriya tana da muhallinta, da sharaɗin a neme ta cikin waɗanda suka riga suka dace da raunin dodon.

Hujjarsa ta ƙarshe ita ce mutum 20 suna iya shiga farmaki ɗaya, saboda haka zaɓin mutum guda ba ya canza komai. Wannan ƙiyasi ne a kan manyan birane a ranar taro. Galibinmu mu uku ne ko huɗu a bakin wurin, kuma a irin wannan hali ƙarin kashi 20 cikin ɗari da yanayin sama ke bai wa dukan da ya dace da shi, da kashi 10 na amintattun abokai, su ne ke raba nasara da faɗuwa. Ko a cikin taron ma, saurin kayar da dodo yana ƙara yawan ƙwallayen kama shi, don haka wanda ya shigo da Blissey ya tauye rabon sauran 19 tare da nasa.