A raba shara tun daga tsakar gida



Duk shekara in damina ta kama, kuka ɗaya ne a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai: kaniwo ya cushe, ruwa ya shiga gidaje, sauro ya hana barci. Nan take sai a ɗora laifi kan magajin gari. To, yana da nashi kaso, ba musu. Amma a ganina matsalar daga tsakar gida take farawa, lokacin da muke zuba komai cikin bokiti guda: sauran tuwo, toka, leda, gwangwani, kwalba, mataccen batir, har da rairayin da aka share.

Mai da shara abin amfani ba baƙon ilimi ba ne gare mu. Ku shiga kasuwar Katako a Yamai ku ga yadda maƙera ke narka gwangwanin lemo da guntayen alminiyom suna zuba tukwane da ludayi. Tsohuwar taya tana komawa takalmi. Mai man gyaɗa ba ta zubar da tunkuza, ƙuli-ƙuli take yi da ita. Manomi kuwa tun kaka da kakanni yana kwasar juji ya kai gona. Kowane cikinsu yana samun riba ne saboda kayan sun zo mishi a ware. Da zarar an gauraya su, darajar ta tafi.

Ku dubi abin da leda ta yi wa taki. Manomi ya biya amalanke, a juye mishi juji a gona, sai ya tarar da baƙar leda ta cika shi. Ba ta ruɓewa, tana tare ruwa da saiwa, iska kuma ta watsa ta cikin daji. Ku tambayi mahauta abin da suke fiddawa daga tumbin awaki da shanu. Dabba ta yi ta ramewa, mai ita yana sayen magani, ashe leda ce ta cika mata ciki. Tun 2014 Nijar ta kafa dokar hana ƙera irin wagga leda da shigo da ita da sayar da ita, amma har yau ko tumatir na dala ashirin ka saya, cikinta za a ƙunsa maka.

Abin yi bai buƙatar kuɗi. Tsofaffin buhu biyu da rami ɗaya sun isa. Ramin na abin da ke ruɓewa ne: ɓawo, ganye, kashin dabbobi, toka. A riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, cikin ƴan watanni ya zama taki. Buhu ɗaya na abin sayarwa: ƙarfe, gwangwani, roba mai kauri, kwalabe. Ɗayan na leda. Rairayi kuma a tankaɗe shi ya zauna gida, don shi ke ƙara wa shara nauyi a banza. Batir da baƙin mai a ajiye su daban, kada su kusanci rijiya ko lambu. Kuma don Allah a bar ƙona leda a ƙofar gida, hayaƙin nan ƙirjin yaranmu yake shiga.

Masana'antu ma haka ne. Jini da kayan tumbi na mayanka suna iya zama taki ko gas na girki. Ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa suna iya zama makamashi, su rage saran itace. Leda da aka narka da rairayi ana buga dutsen daɓe hanya da ita. Duk mai samun riba daga sana'a, ya kamata ya san inda sharar sana'arshi take ƙarewa.

Wani zai ce, in na raba, mai amalanke ai sake haɗawa zai yi. Gaskiya ne, kuma nan ne aikin ma'aikatar magajin gari yake: ta ware wurin zuba kowane iri, ta tsara ranakun kwasa. Amma taki da ƙarfe ba su jiran kowa, masu saye suna nan. Matasan nan masu yawo da buhu suna tsintar ƙarfe a bola, sana'a suke yi. Mu miƙa musu kaya a ƙofar gida, maimakon su tona ƙazanta da hannu cikin fasassun kwalabe.

Kafin ruwan farko ya sauka, kowane gida ya fara. Allah shi ba mu ikon gyarawa.