Wuri Ma Bawan Allah Ne



'Yan uwa, kwanan baya na tsinci wuri a tsohon adudun kakata, na daɗe ina jujjuya shi. Da shi kakanninmu suka yi ciniki, daga jam'insa ma muka samu kalmar "kuɗi", amma kaɗan ne cikinmu suka san cewa gidan wani dodon koɗi ne na teku.

Iri biyu suka fi zuwa ƙasar Hausa. Wanda ake kwasowa daga tsibiran Maldibs bayansa na da 'yan tudu-tudu. Na gaɓar Zanzibar kuwa, wanda Turawa 'yan kasuwa suka yi ta jibgowa a ƙarni na 19 har darajar wuri ta faɗi, ana gane shi da zobe ruwan zinare a bayansa.

Katantanwa da yawa a teku gansakuka da ƙananan halittu sukan manne musu, su mayar da bayansu mazauni. Shi wuri Allah Ya hore masa wata fata mai laushi da yake fitowa da ita ya lulluɓe gidansa, shi ya sa yake sheƙi, da wuya wani abu ya samu wurin zama a kansa.

A ganina jahiltar wannan ce ta sa boka yake watsa wuri a ƙasa, Musulmi ya zauna yana jiran labarin gobe. Halittar da ba ta iya tsare kanta daga hannun masunci ba, ina za ta san gaibu? Mu koya wa 'ya'yanmu asalinsa, domin wanda ya san mene ne wuri zai yi tasbihi ga Mahaliccinsa, ba zai kai masa kukansa ba.

Allah Ya tsare mana imaninmu, amin.