Kafin Naushi, A Koyi Tsayuwa



Mas'alar da nake so mu duba a wannan fitowa ita ce ta yaranmu masu sha'awar dambe da kokawa, da kuma wasannin da suka zo mana daga ƙasashen Asiya, irin su taikwando da judo da kareti. Kowa ya san yadda abin yake. Yaro ya kalli fim, washegari ya cika buhu da yashi ya rataye a bishiya yana ta dirka masa naushi, ko ya dami mahaifinsa sai an sayo masa safar dambe. A ra'ayina, wannan fara gini ne daga jinka. Abin da ya kamata yaro ya fara koya shi ne tsayuwa, wato daidaita jiki yadda ba zai yi tangaɗi ba in an ture shi, abin da Larabawa ke kira tawazun.

Hujjata ta farko tana cikin dokokin wasannin kansu. A damben gargajiya, da zarar hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an yi kisa, ko da kuwa shi ne ya fi zuba naushi tun farkon turmi. A kokawa, wanda aka kayar shi ne ya sha kashi. A kokawar sumo ta Japan, duk wata gaɓa da ta taɓa ƙasa, in ba tafin ƙafa ba, magana ta ƙare. A taikwando kuwa, wanda ya faɗi ana ba abokin karawarsa maki. Issoufou Alfaga na Jamhuriyar Nijar, wanda ya ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta 2016 a Riyo ta ƙasar Burazil, kuma ya zama zakaran duniya a 2017 a Koriya ta Kudu, wasansa kenan, wasan da duk shuri ɗaya sai mutum ya ɗora nauyinsa duka a kan ƙafa guda. Shi ma Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a Tokiyo a 1882, a kan wannan ƙa'ida ya gina koyarwarsa: ka fara raba abokin karawarka da tsayuwarsa, sannan ka kayar da shi. Ashe ke nan duk inda aka je, tambayar ɗaya ce: wa ya rage a tsaye?

To, mene ne ke riƙe mutum a tsaye? Masana jikin ɗan Adam sun ce 'yan aike 3 ne ke kai wa ƙwaƙwalwa labari. Na farko ido. Na biyu can cikin kunne, inda akwai wasu 'yan bututu 3 masu ruwa a ciki, waɗanda ke gane juyin kai. Shi ya sa in yaro ya yi hajijiya ya tsaya cak, sai ya ji ƙasa na juyawa, domin ruwan bai gama lafawa ba. Na uku jijiyoyin tafin ƙafa da idon sawu da gwiwa, masu sanar da ƙwaƙwalwa inda kowace gaɓa take ba tare da an duba ba. Faidar sanin wannan ita ce, duk ukun suna ƙara ƙwarewa in ana maimaita musu aiki, kamar dai yadda tilawa ke zaunar da hadda.

Akwai kuma batun nauyi. Nauyin jikin mutum a tsaye yana taruwa ne a wajen ƙasan cibiya. Muddin wannan wuri yana saman filin da ke tsakanin ƙafafu, mutum na nan daram. Da ya fita, sai ƙasa. Ku dubi tukunya a kan murhu, in duwatsun sun matse da yawa ai ba ta zama. Don haka ne gwanin kokawa ke ware ƙafa, ya ɗan durƙusar da gwiwa, ya yi ƙasa da ƙugu.

Ga atisayen da nake ba ɗalibai shawara, minti 10 zuwa 15 a rana ya wadatar. Yaro ya tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30, ya sauya. In ya iya, ya maimaita ido a rufe, kusa da bango don ya dafa in ya ji zai faɗi. Sannan a ja layi a ƙasa mai tsawon taku 20, ya bi shi diddige na taɓa yatsu, gaba da baya. Bayan nan ya ɗaga gwiwa ya miƙe ƙafa kamar mai shuri, amma a hankali ƙwarai, sau 10 kowane ɓangare, domin sauri yana ɓoye kuskure. Daga ƙarshe su tsaya su biyu, tafi da tafi, kowa na neman ya sa ɗan'uwansa ya ɗaga ƙafa, ba duka ba mari.

Game da kayan aiki, a manyan gidajen motsa jiki akwai katako mai lilo, da katifar soso, da rabin ƙwallon roba da ake kira BOSU. Suna da amfani, musamman ga wanda ya taɓa yin targaɗe a idon sawu, domin irin wannan atisaye yana rage yiwuwar sake yin targaɗen. Amma kada uba ya ci bashi saboda su. Matashin kai da aka ajiye a ƙasa yana yin aikin soso. Tsohuwar taya a kwance, yaro ya zagaya a kan bakinta. Falankin katako a kan bulo 2 ya zama siririyar gada. Yashi mai laushi kuwa ya fi su duka, tunda a kansa ake karawar. Kuma a sani, tsayuwa a kan abu mai lilo ƙari ne kawai. Yawancin horo a ƙasa ya kamata a yi shi, kuma kada a ɗauki ƙarfe mai nauyi a kan abin da ke rawa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, muna da makarantar wannan fanni a ƙofar gida muka yi watsi da ita. Mene ne langa in ba horon tsayuwa ba? Yaro ya riƙe ƙafa ɗaya da hannu, yana tsalle da ɗayar, ana bangazarsa yana bangaza. Haka 'yar gala-gala ga 'yan mata. A dawo da su lokacin tara da bayan la'asar.

Wani zai ce, Malam, ai ƙarfi shi ne gaba. Ba na musun ƙarfi, sai dai naushi daga ƙasa yake tasowa, ya bi ta ƙugu ya isa hannu, kuma wanda ƙafarsa ke rawa, rabin ƙarfinsa a hanya yake zubewa. Wani uban kuma zai ce duk wannan shiririta ce. To, ya zo a Sunan Abi Dawud cewa Manzon Allah (SAW) ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Abin gudu shi ne barin yaro ba mai lura da shi, har wani ya sayar masa da laya ko guru da sunan maganin faɗuwa, ya yi asarar kuɗi, aƙidarsa kuma ta shiga haɗari.

Saboda haka, iyaye, in yaro ya ce zai shiga ɗaya daga cikin waɗannan wasanni, ku je ku ga mai horarwar da idonku. Ku tambaye shi abin da yake fara koya wa sabon shiga. In ya ce tsayuwa da yadda ake faɗuwa ba a ji ciwo ba, ku bar masa yaron. In kuwa ranar farko ya haɗa yara suna dukan kan juna, ku kama hannun ɗanku ku koma gida. Duk yaron da ya bugu a ka yana jin jiri ko amai, a kai shi asibiti, kada a ce ya daure. Ku kuma ɗalibai, a yi atisaye bayan an gama hadda da aikin gida, a share duwatsu da kwalabe daga filin kafin a fara.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya shirya mana zuri'a, amin. Wassalam.