Kokon da Muke Sha da Sukarin da Ke Cikinsa

Da zarar hunturu ya kankama a Sakkwato, daga Disamba zuwa Fabrairu, teburin mai shayi kan cika tun bayan sallar asuba. Daga Mabera har Runjin Sambo, abin da aka fi nema shi ne shayi mai kauri: garin cakulan na gwangwani, madara, sannan sukari. A gidaje kuma shi ne karin kumallon yara kafin a tafi makaranta. An yi ittifaƙi cewa yana ƙara ƙarfi da jini. Ni dai ina ganin mun ba wannan kofi darajar da ta fi ƙarfinsa.

Koko na gaskiya ɗaci gare shi. Mutanen Maya da Aztek na ƙasar da ake kira Meksiko a yau da ɗacinsa suke shan sa, har su zuba masa barkono. Sai da ya isa Turai a ƙarni na 16 shansa da sukari ya zama al'ada. Mu kuwa Najeriya muna cikin manyan ƙasashen da ke noman sa, musamman a Ondo da Osun da Kuros Riba, amma da yawanmu ba su taɓa ɗanɗana tsantsarsa ba. Abin da muka sani shi ne garin gwangwani, wanda aka haɗa da tsiron hatsi da madara da sukari, koko kuwa ɗan kaɗan. Mai karatu ya juya gwangwanin ya duba jerin kayan haɗin: ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, sai ya ga inda sukari ya tsaya da inda koko ya tsaya.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a yini. Ga baligi, wannan kimanin giram 50 ne, wato ƙananan cokula 12. In an rage zuwa 6 ya fi. To, a ƙirga: garin da ya zo da zaƙinsa, madarar gwangwani mai kauri wadda ita ma an zuba mata sukari, sannan ƙwaya uku ko huɗu a kai, ga burodi a gefe. Kafin hantsi mutum ya cinye kaso mai yawa na rabonsa na yini.

Inda abin ya fi damuna shi ne dubiya. Al'adarmu ce mai kyau kada a je gaida majinyaci hannu rabbana, shi ya sa za ka ga gwangwanayen cakulan da madara jere a gefen gadaje, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko a Asibitin Ƙwararru. Sai dai wani majinyacin ciwon sukari ne ya kwantar da shi, ko gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa saboda shi. Kunya ba za ta bar shi ya mayar da kyautar surukinsa ba, masu jinya kuma su dama masa da zuciya ɗaya don ya samu ƙarfi. Mai dubiya ya tambayi masu jinya tukuna. Ƙwai, ko kifi, ko kuɗin magani sun fi amfani. Haka mai jego da mai juna biyu: shayi da koko suna rage yadda hanji ke tsotsar sinadarin ƙarfe, don haka a bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsu da ƙwayar ƙarin jini.

Ba cewa nake a ƙaurace wa koko ba. Bahaushe ai ba baƙon ɗaci ba ne: goro da koko dangi ɗaya ne a tsirrai, kuma bakin da ya saba da goro ba zai ƙi koko ba. A nemi tsantsar garinsa marar sukari, a dama cokali ɗaya a madara mai zafi, a sa citta da kanumfari kamar yadda ake yi wa kunu, sukari kuma kada ya wuce ƙaramin cokali. Kwanakin farko harshe zai yi ƙorafi, daga baya ya saba. Zuma ba mafita ba ce ga mai ciwon sukari, ita ma tana ɗaga shi, kuma ko madarar yana da kyau ya tambayi likitansa adadin da ya dace. Yaron da bai kai shekara 2 ba kuwa, kada a fara saba masa da abin sha mai sukari.

Wanda ke allurar insulin ko shan magungunan rage sukari, shi kam ya riƙa yawo da ƙwayoyin sukari a aljihu. In ya ji rawar jiki da gumi da jiri, alama ce sukarinsa ya faɗi, sai ya tsotsi uku ko huɗu nan take, sannan ya ci abinci.