Bashin taki da bashin gwamnati: Abin da ke ɗaure manoman Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Da kaka ya kamata manomi ya sarara, amma a ƙauyuka da dama na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, lokacin ne masu bin bashi ke fara sallama a ƙofar gida. Kafin gero ya shiga rumbu, mai taki ya aiko, mai shago ya buɗe littafinsa, wanda ya ba da kuɗin noma da damina kuma ya turo yaro da buhuna.

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai a wannan yanki na arewa maso yammacin Jigawa, bashin yana da kalandarsa. Ana cin sa a farkon damina, lokacin da hatsi ya ƙare a gida kuma taki ya yi tsada. Ana biyan sa da kaka, lokacin da kowa ya fito da amfaninsa kasuwa, farashi ya faɗi. Manomin da ya sayar da gero da araha domin ya sauke nauyi, shi ne zai dawo bayan wata shida ko bakwai ya sayi geron nan da tsada, sau da yawa da wani sabon bashin. Tsohon tsarin ba-da-kaka, inda ake karɓar hatsi ko kuɗi da damina a biya da ƙari bayan girbi, bai mutu ba. Kaya kawai ya sauya.

Masu ba da shawara kan harkar kuɗi a Facebook da TikTok sukan ce mafita ita ce mutum ya sauya tunaninsa game da kuɗi. Maganar tana da daɗin faɗa. Amma a jihar da rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce kimanin kashi 84 cikin 100 na mutanenta na fama da talauci ta fuskoki da dama, ba kowane bashi ne almubazzaranci ya haifa ba. Akwai na asibiti, akwai na abinci. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙara kuɗin mota da na ban-ruwa. Rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya taɓa garuruwan kan iyaka irin Babura, inda cinikin dabbobi da hatsi da maƙwabta ke riƙe gidaje da yawa. Babu tunanin da mutum zai sauya ya buɗe boda.

Duk da haka, akwai tunani guda da ya jefa mutane cikin rami, kuma gyaransa yana hannunsu. Shi ne ɗaukar bashin gwamnati a matsayin rabo.

A watan Nuwamban 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya a Jihar Kebbi. An bai wa manoma taki da iri da maganin feshi ta hannun ƙungiyoyi irin su RIFAN, da sharaɗin su biya da amfanin gona. Zuwa farkon 2023, bankin ya ce ya fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya. Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya ce kashi 24 cikin 100 kawai aka biya. Babban Bankin ya musanta, ya ce an biya kimanin kashi 52 na abin da wa'adinsa ya cika. Ko da lissafin bankin aka ɗauka, kusan rabi bai dawo ba.

Ba manoma kaɗai ke da laifi ba. An yi ta kukan kayan da ke zuwa a makare, da ambaliyar da ta cinye gonaki, da 'yan birnin da ba su taɓa riƙe fartanya ba amma suka shiga jerin sunaye. Sai dai kowa ya san maganar da ke yawo a majalisu a lokacin: kuɗin gwamnati ne, ba wanda zai zo nema. Wasu sun sayar da takin a rabin kuɗi tun kafin su isa gida. Wasu sun sayi babur, wasu sun ƙara aure.

Haka aka yi da lamunin korona na 2020 da ya bi ta bankin NIRSAL. Matasa sun cika shagunan intanet suna cike fom, da yawansu suna kiran sa tallafi.

Abin da ba a lura da shi ba shi ne, daga 1 ga Agustan 2020 Babban Bankin ya fara aiki da tsarin GSI. Wanda ya sa hannu a takardar lamuni ya amince a cire bashin daga duk wani asusu da ke ɗaure da lambarsa ta BVN, ko a wane banki yake. Shi ya sa mutum zai sayar da rago, mai saye ya tura masa kuɗi, kafin ya isa wurin mai POS an zare. Bashin da aka manta da shi shekara uku yana nan yana jira, da ruwansa. Sannan a ƙarshen 2023 Babban Bankin, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya dakatar da karɓar sababbin buƙatu a irin waɗannan shirye-shirye. Waɗanda suka biya tsakani da Allah sun rasa ƙofar tare da waɗanda suka ƙi.

Abin mamaki, mutumin da ke wasa da bashin gwamnati ba ya wasa da zubin adashe. Matar da ke sana'ar ƙuli-ƙuli a Roni za ta hana kanta komai domin kada ranar zubi ta same ta hannu rabbana, saboda uwar adashe ta san gidanta, kuma kunya ta fi ɗan sanda. Wataƙila wannan ne tsohon Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, ɗan Babura da ake wa laƙabi da mai kalkuleta, ya hango lokacin da gwamnatinsa ta riƙa bai wa mata awaki rance maimakon kuɗi. An yi masa ba'a sosai, amma akuya tana haihuwa, kuma maƙwabta suna ganin ta a tsakar gida.

Wato ɗabi'ar biyan bashi tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lissafi kafin a ci. Manoma kaɗan ne ke zama su ƙirga buhu nawa gonar za ta bayar, nawa za a ci a gida har wata kakar, nawa ya rage na biya. Darasin ya fito fili a 2025, lokacin da farashin masara da sauran hatsi ya sauko, taki kuma ya tsaya a sama. Wanda ya ci bashin taki da lissafin farashin bara ya ga buhunan da ya ware ba su kai ba.

Akwai kuma haɗa bashin gona da na biki a aljihu ɗaya. Kuɗin da aka ranto domin riɗi ko gyaɗa na iya biyan kansa. Wanda ya tafi a kayan ɗaki, lefe ko ragon suna ba ya dawo da ko sisi, gonar ce za ta ɗauki nauyin duka biyun. Malamai sun daɗe suna tunatar da cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi da wa'adinsa a gaban shaidu. A kasuwannin ƙauye har yanzu da baki ake yawan ƙullawa, sai rigima ta kai gaban mai unguwa a fara neman wanda ya ji.

Yanzu ga manhajojin rance sun shigo wayar ɗalibai da ƙananan ma'aikata a cikin garin Kazaure, suna ba da kuɗi cikin minti kaɗan da wa'adin mako ɗaya ko biyu. Tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta wajabta musu rajista saboda ƙorafin tozarta mutane da saƙonni ga 'yan uwansu. Su ma BVN suke fara tambaya, lambar nan da tsohon bashin korona ke rataye a kanta.